Faɗuwar Mai-Tsani

Abuja,
14 ga Nuwamba, 1977

Zuwa ga Babana Sha'aibu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya karatu, yaya baƙunta, yaya sanyin Amirka da aka ce har ruwan buta yana daskarewa? Innarka Hajjo tana gaishe ka. Har yau kunyar ɗan fari ba ta barin ta ta kama sunanka, sai dai ta ce "wancan na ƙetare", amma duk ranar da aka sauke tuwo sai ta tsaya da mara a hannu tana kallon kwanonka. Ƙanwarka Mairama ma tana gaisuwa.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san ubanka a aji uku na elementare ya yi sallama da boko, kuma malamin ne ya fara yin sallamar. Hannun da ya saba da burushin fenti, in ya riƙe alƙalami sai takarda ta yi masa kaɗan.

Wasiƙunka biyu sun iso, ɗaya ta innarka, ɗaya ta Mairama. A tsakar gida aka karanta su. Na kasa kunne tun daga sama har ƙasa, sai can ƙarshe, bayan an gai da liman da maƙwabta, na ji "a gai da Baba." Na gode. Akuyar gidan nan ma ta samu layi guda cur, don ka tambaya ko ta haihu. Ta haihu, biyu.

Na san laifina, ba sai an karanta mini ba. Da safen ranar da za ka tafi ka tsayar da ni a zaure, ka ce don Allah yau ɗaya in zo tasha a matsayin uba, in bar Mai-Tsani a gida. Na yi maka alkawari. Na sa babbar rigar da aka ɗaura aurena da ita. Abokan karatunka suna nan, malaminku yana nan, ga jami'in ilimi da ya zo daga Minna. Na hau tsanin bayan motar Kaduna na miƙa akwatinka sama. Ina saukowa sai ga ni a ƙasa, fuska cikin taɓo, hula tana gangarawa ƙarƙashin mota. Tasha ta kece da dariya, har direba ya kifa kai a sitiyari. Kai kuwa ka leƙo ta taga ka ce, "Baba, ko yau ma?" Ka juya fuska. Motar ta tashi ban sake ganin idonka ba.

Ba zan yi maka gardama ba. Mutumin da ya shekara ashirin da takwas yana faɗowa daga tsani a gidajen biki don a yi dariya, ba shi da bakin magana a kan faɗuwa. Ka yafe mini kawai.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni. Ina da roƙo, kuma na san kai ne na ƙarshe da zai so jin sa. Ina so ka nemo mini labarin maigidana.

Ba ka taɓa tambayata inda na samo wannan sana'a da ta hana ka sakewa cikin yara a makaranta ba. A 1949, ina leburan magina, motar majigi ta zo garin nan. Bayan an gama koya mana haƙa masai da kashe sauro, sai aka saka wani gajeren fim na Amirka. Wani siririn Bature ne mai dogon wuya, da bokitin fenti da tsani. Duk burinsa a duniya ya shafe bango ɗaya, kuma bangon bai taɓa shafuwa ba. In ya faɗo ba ya ihu, sai ya zauna a ƙasa ya dubi tsanin kamar aminin da ya ci amanarsa. Ban taɓa yin dariya irin ta ranar ba, kuma watan ne aka binne mahaifina, wanda ka ci sunansa.

Babu wanda ya kama sunan Baturen, muka sa masa Mai-Tsani. Washegari na ari tsani na gwada, saura kaɗan in bar ƙuguna a wurin. Wata shida na yi ina faɗuwa a yashin rafin Iku kafin in gano sirrinsa. Daidai lokacin da zai sauka yana marin ƙasa da tafin hagu. Ƙarar marin ce mutane ke ji su ɗauka ƙashi ne, alhali hannun ya riga ya kwashe rabin nauyin. Daga ranar da na iya wannan, sunansa ya dawo kaina.

Gwangwanin fim ɗinsa ɗaya tak ya rage a garin nan, a wurin abokina Ambrose mai silimar bayan kasuwa. Shi ne gwangwanin da innarka ta ɓoye a ƙarƙashin gado shekara biyar, lokacin da Ambrose ya gudu Gabas, har ya dawo bayan yaƙi. Farkon fim ɗin, inda sunan yake, ya ƙone tun tuni. Ambrose ya yanko mini ɗan guntu daga tsakiya, ga shi cikin ambulan. Ka ɗaga shi a hasken rana za ka gan shi. Ka nuna wa tsofaffin garinku. Ina so in san sunansa, in san ko yana raye, in san ko ƙashinsa na yi masa ciwo da damina kamar nawa.

Ka ga Abuja na rubuta a sama. An ce sunan ya zama na sabon birnin gwamnati da za a gina can bayan Dutsen Zuma, mu za a nemo mana wani. Masu awon ƙasa sun cika gari, kowa na neman ɗakin haya, kowa na son fenti. Aiki ya samu daidai lokacin da tsani ya fara yi mini tsawo.

Allah ya ba da sa'ar karatu, ya tsare ka daga naman alade da matan da ba sa gaisuwa.

Ni ne mahaifinka,
Bamalli


Abuja,
2 ga Maris, 1978

Babana,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da malamanka da duk wanda ke ba ka abinci. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara gasa mu. Innarka ta ce in tambaye ka ko yajin da ta ƙulla maka ya ƙare.

Wasiƙarka ta zo, da sunana a bayan ambulan. Na kai ta wurin Ambrose kafin in buɗe, don ya shaida cewa ni ma ana rubuto mini. Gaisuwar cikinta gajera ce, kamar ta ma'aikaci ga ma'aikaci, kuma ba ka taɓo maganar tasha ba. Ba komai. Ka yi mini aikin da na sa ka, har shafi uku, kuma ba a yi wa wanda aka tsana shafi uku.

Ashe sunansa Lesta Bodin. Na yi kwana biyu ina maimaitawa, har innarka ta tambaye ni ko sabon maganin basir ne. Ka yi mini godiya wurin tsohuwar nan ta ɗakin karatu da ka ce ta gane shi daga guntun fim.

Na sa Mairama ta sake karanta mini labarinsa sau uku, don idona ya fara yi mini rowa. Ka ce ɗan manomi ne, gonarsu ta ƙi, ya tafi yamma neman aiki, ya samu fenti a kamfanin fim, yana shafa bangon ƙarya da ake tsayawa a gabansa a yi soyayya. Ka ce wata rana ana cikin ɗauka ya zame daga tsani, ya faɗo tsakanin saurayi da budurwa da bokitinsa, kafaɗarsa ta karye. Kowa ya faɗi don dariya. Mai kamfani ya tambaye shi ko zai iya maimaitawa, shi kuwa da karyayyar kafaɗa ya ce zai iya.

Babana, a nan na ce Mairama ta dakata. Ashe faɗuwarsa ta farko ta gaske ce. Yana kwance da karaya, suna tafi. Na fita na zauna a gindin mangwaro, na daɗe ban dawo ba.

Sauran labarin bai ba ni mamaki ba, don na san hanyar. Gajerun finafinai arba'in da wani abu, kuma ba a taɓa ba shi babban fim nasa na kansa ba. Da zamani ya juya, mutane suka fi son mai ba da dariya da baki a kan mai ba da dariya da ƙashi, sai ya koma tallan sabulu a talabijin, yana zamewa a bahon wanka yana ɗan shekara sittin. Matarsa ta tafi. Sai maganar 'yarsa, wadda ka ce ta canza sunan uba saboda tsokanar da ake mata a makaranta. Ka rubuta wannan ba ka ƙara komai ba, amma na lura ka danne alƙalami a wurin. Kai dai har yau Sha'aibu Bamalli kake rubutawa a bayan ambulan. Na duba.

Ka ce yana raye a gidan tsofaffi a jihar da ke maƙwabtaka da taku, tafiyar yini ɗaya a bas. Ban gane gidan tsofaffi ba sai da Ambrose ya yi mini bayani. Na ce to su wa ke tsokanar su? Tsoho in ba jika a kusa da zai ja masa gemu, me zai tashi da safe ya yi?

In an yi muku dogon hutu, ka je ka gan shi. Ba umarni ba ne, na san matsayina. Ka gaya masa akwai wani mai fenti a ƙasar baƙar fata da ya ciyar da iyali shekara kusan talatin, rabi da burushi rabi da faɗuwarsa, bai taɓa neman izini ba. Ka ce na gode. Ka gaya masa na gano haɓa a ƙirji, na gano sakin numfashi kafin sauka, na gano marin ƙasa. Abu ɗaya ne ban gano ba, yadda yake sa bokitin ya sauka a kansa bayan ya riga ya zauna. Ni duk gwajin da na yi, a kan mai kallo yake sauka. Har yau akwai wani alhaji a Sabon Wuse da ba ya amsa sallamata.

Labarin gida: an sa ranar Mairama da malamin makarantar nan na Gauraka, bayan ƙaramar salla. Yaron kirki ne, ya gaishe ni bai yi dariya ba. Ranar kasuwar da ta wuce na faɗi a layin masu doya, babu tsani babu komai. Matan Gwari suka yi ta guɗa, suka ce Mai-Tsani ya fito da sabon salo. Wata ma ta ba ni doya guda. Innarka da ta ga gwiwata ta ce, "Malam, yaushe ka fara wasa ba a gayyace ka ba?" Na ce mata talla ce. Doyar ta yi daɗi.

Ka kula da kanka. Ka riƙa sa safa.

Mahaifinka,
Bamalli


Abuja,
21 ga Satumba, 1978

Babana Sha'aibu,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da salla ko da ta wuce. Ina fata ka sha ruwa lafiya a ƙasar da ka ce rana ba ta son faɗuwa. Innarka na gaisuwa. Mairama ta tare a ɗakinta, gidan ya yi mana girma.

Wasiƙarka ta kwana tara a aljihuna. Kullum na ɗauko takarda in amsa sai in tuna akwai wani aiki da ban yi ba, ni da rabona da aiki tun bikin Mairama.

Na gode da ka je. Hoton da kuka ɗauka yana jingine a kan rediyo. Wuyan nan nasa har yanzu dogo ne, sai dai keken guragu ya maye gurbin tsani. Ka ce da ka gaya masa saƙona ya ɗauka zolaya ce, sai da ka ɗaga masa guntun fim a taga. Ka ce ya yi dariya har ya shaƙe, daga nan dariyar ta juye, mai jinya ta kawo masa ruwa. Ka ce shekara huɗu ke nan babu wanda ya zo wurinsa, har 'yar tasa. Sirrin bokiti kuwa, ashe wani ne a sama yake saki da zare! Shekara talatin ina zargin kaina da rashin basira, ashe rashin ma'aikata ne.

To, sai tambayarka. Ka ce da kuka zo maganar marin ƙasa, tsohon ya ɗaga tafinsa na hagu ya nuna maka yadda ya yi kanta kamar ƙafar raƙumi, ya ce a duk faɗuwar da ya yi a duniya guda ɗaya ce bai mari ƙasa ba, ta farkon nan. Wanda ya shirya faɗuwa hannunsa ke riga shi isa. Wanda faɗuwa ta zo masa, da fuska yake tarar ta. Ka ce a bas kana dawowa ka yi ta juya ranar tasha a ranka, ka tuna taɓo a fuskata, ka tuna hular, amma ka kasa tuna ƙarar marin. Ka tambaye ni, don girman Allah, ko na mari ƙasa ranar.

Ban mara ba, Babana.

Ina saukowa daga motar ƙafata ta hagu ta ɓace. Ba ciwo, ba jiri, kawai na taka na ji babu kowa a wurin. Na aika hannun hagu ya tare ni, shi ma ya ƙi zuwa. Da na ɗago na ga tasha na dariya, na ga fuskarka a taga, sai na lissafa abin da ya rage mini. In na ce ciwo ne, za ka sauko daga motar nan, na san ka, jirgi ya tashi ba kai, gurbin da ka yi shekara uku kana nema a ba ɗan wani. In na yi shiru, ka tafi da fushi, amma ka tafi. Sai na zauna cikin taɓon na dubi tsanin motar kamar aminin da ya ci amanata. Dariyar ta ƙaru. Ban taɓa yin kallon nan ya fita da kyau kamar ranar ba.

Faɗuwar layin masu doya ma haka ce. Ta uku ita ce ta tona ni, a bikin Mairama. Na rantse wa innarka ba zan yi wasa ba, kuma ban yi ba. Na tashi ne kawai daga tabarma in gai da dangin ango, sai ƙasa ta taso ta same ni. Nan take makaɗa suka juya kiɗa, maroƙi ya ɗauki kirarina, "Mai-Tsani, ƙasa ta san ka, kai ma ka san ta!" Yara suka kewaye ni suna tafi. Ina jin su sarai. Ina so in ce a ɗaga ni, bakina ya karkace, abin da ya fito sai ya ƙara musu dariya. Wani ya ce, "Kai, dubi bakin! Tsohon nan ba ya tsufa!" Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Na dai ga tururuwa ta ɗauki ƙwayar shinkafa daga gaban hancina ta kai ta har gindin bango.

Ambrose ne ya cece ni. Ya kawo musu lasifika, yana can yana fama da waya. Mutumin da ya juya fim ɗin nan ya fi sau ɗari biyar, kunnensa ya san abin da yake jira. Sai na ji muryarsa ta lasifikar, duk Gauraka ta ji: "Chineke! Ku bar dariya! Bamalli bai buga ƙasa ba!" Ya ture mutane ya ɗauke ni kamar buhun gero. Ka ga ikon Allah, a taron Musulmi ɗari biyu, Inyamuri ne ya san faɗuwata.

Likita a Minna ya ce hawan jini ne, ya daɗe yana aiko da saƙo. Ɓarin hagu ya tafi hutu. Dama tana nan, ita ke rubuta maka wannan. An hana ni gishiri da goro da tsani. Na ce wa likitan ya haɗa da numfashi ya huta. Bai yi dariya ba. Ina jin ɗan ajinku ne.

Kada ka ga laifin mutanen gari. Ni na koya musu. Shekara ashirin da tara ina horar da su cewa in Bamalli ya faɗi a yi dariya, kuma sun yi karatu da kyau. Yanzu suna zuwa dubiya suna sunkuyar da kai, maroƙin nan har kuka ya yi. Ni kuwa na fi son dariyar.

Ga umarni, wannan karon umarni ne. Ba za ka dawo ba sai ka gama. Saura wata goma. In ka bar karatun nan, to taɓon da na sha a tasha ya tafi a banza, kuma rigar aurena ce, har yau tabon bai fita ba. Ka zauna. In hutu ya samu ka koma wurin tsohon, ka ja masa gemu a madadina.

Mahaifinka da bai iya ƙarya ba sai da jiki,
Bamalli


Suleja,
30 ga Mayu, 1979

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata ka iso lafiya, ina fata hanya ba ta wahalar da kai ba. Sannu da zuwa. Ka ga sabon sunan garinku a sama. Ka tafi daga Abuja ka dawo Suleja, kuma ba ka ɓata hanya ba.

Wannan takardar ba za ta shiga gidan waya ba. Zan ba Mairama ta ajiye. In na zo tasha tarbarka, za ta mayar mini in kunna wuta da ita. In kuwa ita ce ta miƙa maka, to ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Guntun jaridar da ka aiko na rasuwar maigidana ya zo. Layi huɗu, a ƙarƙashin tallan taya. Ka ce ku bakwai ne a wurin binne shi, kai da masu jinya da wani tsoho da ya ce shi ne mai sakin bokiti. Allah ya saka maka. Ka tsaya wa uban wani a inda 'yarsa ba ta tsaya ba, kuma na san ba don shi kaɗai ka tsaya ba.

Mu ma mun yi masa namu zaman. Ambrose ya kawo injinsa gida da la'asar, aka rufe tagar ɗakina da bargo, aka haska a bangon da na shafa da hannuna. Na ce innarka ta shigo. Shekara talatin tana wanke mini riguna masu fenti da taɓo, tana gasa mini ƙugu da ruwan zafi, ba ta taɓa ganin wasan mutumin da ya jawo mata ba. Ta zauna a bakin ƙofa tana cewa ita ba ta ga abin dariya a faɗuwar babban mutum ba. Da bokitin ya sauka a kansa sai na ji wani sauti a bayana da ban taɓa ji ba tun da aka kawo ta gidan nan. Hajjo ce ke dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Wallahi Malam, har ya fi ka iyawa!" Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta buɗe ba har fim ya ƙare.

Tun bayan babbar sallar bara nake shirin tarbarka. Ambrose ya auna mini, daga inda zai tsayar da babur zuwa inda motar Kaduna ke tsayawa taku arba'in ne. Daga ƙofar ɗakina zuwa mangwaro da dawowa ma arba'in. Kullum da hantsi ina yi da sanda, innarka na biye da ni da kujera kamar mai kiwon ɗan maraƙi. Na kai talatin da ɗaya. Burina ka leƙo ta taga ka ga ubanka a tsaye, da hula a kai, babu mai dariya. Alkawarin zaure ne nake so in cika, ko da ya makara shekara biyu.

Makon jiya abin ya sake taɓa ni. Yanzu takuna daga gado zuwa buta ne. Likita ya ce in ci gaba da shan magani, amma na ga yadda ya dubi Ambrose ta saman kaina. Na san kallon. Ni ma sana'ata ce, kallon da ake yi don 'yan kallo.

Saboda haka bari in gama da kai tun hannun dama na amsa kira.

Wasiƙunka biyar na ƙarshe duk magana ɗaya ce, in yafe maka kalmomin nan na taga. Na amsa maka sau biyar, ba ka ji ba, to ga na shida a rubuce, ka ajiye. Babu abin yafewa. Kai ka ga abin da na nuna maka. Duk wanda ya yi wasa a duniya yana fatan ranar da zai yi shi har na gida su kasa ganewa, ni kuwa na samu, a gaban jami'in ilimi. In akwai mai neman gafara ni ne, da na bar ka shekara guda da fushi, na kuma bar ka shekara guda da nadama. Ban san yadda ake uba ba tare da an faɗi ba. Abin da na iya ke nan, da shi na biya maka littafi da takalmi, da shi kuma na sa ka a mota.

Ka riƙe innarka. Ba za ta kama sunanka ba, amma ka duba ƙarƙashin gadonta, inda gwangwanin Ambrose ya taɓa zama, za ka ga duk wasiƙunka a ƙulle cikin ɗankwalin aurenta, ita da ba ta karatu. Tsanin ka ba Ambrose, ya daɗe yana hawa kujera yana gyara ƙyallen silimarsa. Hoton maigidana ka bar shi a kan rediyo.

In mutane sun zo gaisuwa, wani zai tuna ranar da bokitina ya sauka a kan alhajin Sabon Wuse, dariya ta kuɓuce masa a zaure, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Kada ka juya masa fuska, Babana. Ka bar shi. In ka iya, ka taya shi.

Sauran taku tara ɗin ne ban samu ba. Na yi ƙoƙari. Ka gaya wa mutanen tasha, in sun tambaya ina Mai-Tsani, wannan karon ma bai mari ƙasa ba.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'yan da za su ba ka kunya kaɗan, don ka san daɗinsu.

Ni ne mahaifinka,
Bamalli